Yadda Kwamanda Ya Koya wa Tsofaffi Ninƙaya

In kana neman mutumin da ya san ruwa ciki da waje, ba sai ka sha wahalar cigiya ba, Kwamanda da kansa zai tare ka a hanya ya gaya maka shi ne. Hujjarsa ita ce ya yi aiki a hukumar kashe gobara har ya yi ritaya. Abin da ba ya faɗa shi ne a sito ya ƙare aikin nasa, yana naɗe mesa yana goge hulunan kwano, kuma wuta mafi girma da ya taɓa kashewa ita ce ta rishon maigadi. Sunan Kwamandan ma shi ya raɗa wa kansa, mutane suka bar masa don gardama da shi ɓata yawu ne.

"Ruwa?" yakan ce, yana dukan ƙirji. "Ni da ruwa mun san juna. Na fesa shi sama, na fesa shi ƙasa, na sa shi ya hau bene."

A cibiyar wasannin unguwarsu akwai kwamin ninƙaya, kuma an ware wa dattawa sa'ar farko ta safe. Wani mutum mai sanyin hali da suke kira Koci ne ke kula da su. Tsarinsa ba shi da wuya: a shiga a hankali, a yi kaɗan, a huta, a tsallake rana. Yakan ce duk wanda haki ya hana shi magana ya wuce gona da iri, ya kama bango ya tsaya. Cikin masu zuwa akwai Tela, wanda keken ɗinki ya lanƙwasa wa baya, da Hedimasta, da Direba mai tumbi. Sai kuma Yaya, wan Kwamanda uwa ɗaya uba ɗaya. Shi Yaya ko iyon ba ya yi. A tudu a duƙe yake tafiya da sanda, ƙugu da gwiwa sun daɗe da cin amanarsa, amma da ya shiga ruwa sai ya miƙe samɓal, ya taka daga wannan bango zuwa wancan ba sanda ba mai riƙo. A duk yini wannan sa'ar ce kaɗai yake tsayawa kamar kowa, kuma ita yake kwana yana jira.

Kwamanda kuwa wurin zamansa matattakala, ruwa iya gwiwa, yana gyara wa kowa hannu.

Wata safiya Manajan cibiyar ya tara su ya ce wata makaranta ta nemi a ba ta sa'ar. Kwamiti zai zo a ƙarshen wata ya duba, in dattawa na amfana a bar musu, in ba haka ba a ba yara. A makon nan kuma aka tura Koci kwas. Kafin ya tafi ya yi musu kashedi.

"Ku ci gaba yadda muka saba. Kada ku ƙara komai. Su dai su same ku a cikin ruwa da lafiyarku, shi ke nan."

Ko ƙurar Koci ba ta kwanta ba Kwamanda ya hau saman matattakala ya gyara murya.

"Jama'a, Allah Ya kawo mu lokacin aiki. Wannan wankan jarirai da kuke yi, shi za ku nuna wa kwamiti? Su ce me? Ni na ga yadda ake horar da kurata a hukumarmu. Mutum ya shiga da tumbi, ya fito kamar sanda. Ku ba ni wata guda, kwamiti zai roƙe ku ku karɓi yini sukutum."

"Koci ya ce kada a ƙara," in ji Hedimasta.

"Koci ya taɓa shiga wuta?"

"Kai ka taɓa shiga?" Tela ya tambaya.

"Ni nake ba masu shiga mesa. Ba mesa, ba kashe wuta. Ka tambayi kowa."

Tsofaffin suka dubi juna. Tsoron rasa sa'ar ya riga ya shige su, kuma mai tsoro ba abin da yake saurin bi kamar mai babbar murya. Suka ce to.

A gida Kwamanda ya jawo tsohon akwatinsa daga ƙarƙashin gado, ya fito da usur, da hular kwano, da dogayen takalman roba na 'yan kwana-kwana, da wata mesa da ta biyo shi gida ranar ritaya. Matarsa ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu tana kallon ikon Allah.

"Malam, ina ne ya kama?"

"Horo zan fara. An ɗora mini nauyin dattawan unguwa."

"Wa ya ɗora maka?"

"Cancanta."

"Kai da ko a baho ka zame sai ka ƙwala mini kira?"

"Ke, wannan sabulu ne, ba ruwa ba. Ki bar shiga abin da ba ki sani ba."

"Na bari. Amma ka tuna Yaya na ciki. Kada ka yi masa sanadi."

"Yaya nan da wata guda gudu zai riƙa yi," in ji shi, ya busa usur don gwaji har kajin maƙwabta suka watse.

Dokarsa ta farko ita ce babu tsallake rana. Ta biyu, babu kama bango. Ta uku, duk wanda ya iya magana a cikin ruwa bai fara horo ba, a ƙara masa zagaye. Ya ɗauki maganar Koci ya kifa ta da ka, ya kuma ce wannan shi ne ilimi. Shi yana tsaye a bakin kwami, hular kwano a ka, gajeren wando a ƙugu, yana busa usur kamar an ɗauke shi aiki a mahaɗar titi. Da Direba ya tambaye shi yaushe zai shigo ya nuna musu, sai ya ce kwamanda ba ya shiga, daga waje ake ganin yadda wuta ke tafiya.

Ranar farko Tela ya fito yana ganin duhu-duhu. Kwamanda ya ce tsohon jini ne ke fita. Washegari Hedimasta ya kasa ɗaga hannu ya sa riga. Kwamanda ya ce kafaɗa ce ke buɗewa. Da Direba ya yi aman ruwa a bakin kwami, sai ya tafa masa ya ce yanzu ya fara gane karatu.

Yaya ne ya ɓata masa rai. Ana busa usur, shi yana takawarsa a hankali a gefe, fuskarsa sake, kamar ba da shi ake ba.

"Yaya, ɗaga ƙafa! Sauri!"

"Ina zan je da sauri? Bangon nan ba gudu zai yi ba."

"Kana ɓata mini layi. Kwamiti ya ga wannan ya ce gidan gajiyayyu muka buɗe."

"To ai gajiyayyun ne, ƙanena."

"Ka huta a gida har kwamiti ya zo ya tafi. Don amfaninka ne. In na ƙwato sa'ar, sai ka dawo ka yi ta yawonka."

Yaya ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya hau matattakala, jikinsa ya koma ya duƙe, ya ɗauki sandarsa ya fita. Kwamanda ya ji wani abu ya ɗan sosa masa rai, amma ya busa usur a kai.

Da ya ga sa'ar safe ba ta isarsa, sai ya ƙirƙiro horon yamma a tsakar gidansa. Ya jera bencina, ya sa tsofaffin suka kwanta rub da ciki suna wutsil-wutsil da hannu da ƙafa a iska. Ya haɗa mesa da famfo, ya ce zai koya musu yadda ake fuskantar igiyar ruwa. Kafin ka ce me, katanga ta cika da kawuna. Matan maƙwabta suka bar girki, masu wucewa suka leƙo ta ƙofa.

"Maman yara, lafiya?" wata maƙwabciya ta tambayi matar Kwamanda. "Ko aljanu ake cire musu?"

"Iyo suke yi."

"A benci?"

"Ruwan na tafe, ki tsaya ki gani."

Kwamanda ya murɗe famfo har ƙarshe. Mesar da ta shekara aru-aru a akwati ta kumbura, ta fizge daga hannunsa, ta shiga bulala a tsakar gida. Ta wanke shanyar maƙwabciya, ta kashe murhun matarsa, wuta ta biyu ke nan da ya kashe a rayuwarsa, sannan ta sami Direba a kunne. Direba ya mirgino daga benci da tumbinsa, ƙugunsa ya ce ƙas. Tela ya buɗe baki zai yi salati, ruwa ya tafi da haƙoransa na roba cikin kwata.

"Kashe! Kashe!" Hedimasta na ihu.

"Kada wanda ya motsa! Haka igiyar ruwa take!" in ji Kwamanda, yana bin mesa da rarrafe.

Matarsa ce ta taka ta rufe famfon. Ta dube shi jiƙe sharkaf, hular kwano ta rufe masa ido ɗaya.

"Sannu da aiki, Kwamanda. An ceto mutum nawa?"

Mai hankali da nan ya tsaya. Kwamanda kuwa ya ce rashin nauyi ne ya sa suke faɗuwa, don haka ya kawo takalman robar nan kwami, ya ce kowa zai riƙa iyo da su bi da bi, ƙafa ta yi ƙarfi. Hedimasta ya gwada, aka jawo shi wuyansa a sanƙare. Tela ya kwashi mura da tari. Sauran dattawan suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, wannan ya ce jikarsa ba lafiya, wancan ya ce ya yi baƙi. 'Ya'yansu suka fara tare Kwamanda a hanya.

"Baba, me kuka yi wa tsohonmu? Da sai ya dawo yana raha, yanzu sai mun ɗaga shi zai yi salla."

"Ciwon nasara ne. Ku shafa masa man zafi, ku turo mini shi gobe."

"Ba zai zo ba."

"To ya rasa lambar yabo."

Babu wanda ya yi maganar lambar yabo sai shi, amma ya faɗa sau da yawa har shi kansa ya yarda akwai ta. Ya kuma ratsa unguwa yana gayyata. Ya gaya wa mai shago, ya gaya wa mai aski, ya gaya wa masu jiran bas, cewa ranar zuwan kwamiti za a ga abin da ba a taɓa gani ba, tsofaffi za su tsaga ruwa kamar kifaye.

Ranar ta zo, unguwa ta amsa gayyata. Aka jera wa 'yan kwamiti kujeru a gefen da ruwa ya fi zurfi, don nan inuwa take. Shugabarsu wata mata ce mai tabarau, irin waɗanda ba sa dariya kafin azahar. Koci ma ya dawo a safiyar, jakar tafiyarsa a kafaɗa. Yana shigowa ya tsaya cak.

Ruwan kwami a kwance yake lumui, ba kowa a ciki. Dattawansa kuwa ga su a jere a benci. Hedimasta da abin tallafe wuya, in zai dube ka sai ya juyo da jikinsa duka. Direba a karkace kan matashi. Tela a naɗe cikin bargo, baki a shafe, yana tari. Can ƙarshen benci Yaya na zaune da sandarsa, ya ƙara duƙewa fiye da yadda Koci ya bar shi.

"Me ya sami mutanena?" in ji Koci. "Mota ce ta kwashe ku?"

Tela ya nuna Kwamanda da haɓa.

Shugabar kwamiti ta gyara tabarau. "An ce mana dattawa na amfana da wannan sa'a. Ina masu amfanar?"

Kwamanda ya matso, ya ƙame, ya sara mata. "Ranki ya daɗe, suna hutun dabara ne. Horo ya kai inda ake so."

"Na gani. Wa zai shiga ruwan?"

Kwamanda ya dubi Direba, Direba ya dubi sama. Ya dubi Hedimasta, Hedimasta ko da ya so juyowa ba hali.

"Ranki ya daɗe," in ji Tela, maganar na fita da iska saboda rashin haƙora, "ai ga malaminmu nan. Shi ya san ruwa. Ya sa shi ya hau bene."

"Kwamanda ba ya..." Kwamanda ya fara.

"Kwamanda! Kwamanda!" mai aski ya ɗauka, jama'a suka amsa da tafi.

"Kuma da takalma yake koya mana," Tela ya ƙara, ya tura masa su da ƙafa. "Kada a rage wa kwamiti komai."

Nan ido ya raina fata. Kwamanda ya waiga wajen matattakalarsa ta kullum, can nesa a gefe marar zurfi, amma jama'a sun cika hanyar. Matarsa na cikin taron, ta harɗe hannu a ƙirji. Koci ya matso ya ce masa a hankali kada ya shiga, ba dole. Da ya ji wannan shawara da an rabu lafiya, sai dai a gaban mai aski da masu jiran bas aka ba shi ita. Ya ture hannun Koci, ya zura takalma, ya danna hular kwano.

"Ku matsa. Ku lura da hannuna, ba zan maimaita ba."

Ya faɗa ruwan da ciki, ƙarar ta kai titi. Ruwa ya yi tsalle ya jiƙa 'yan kwamiti har tabarau. Da ya ɓullo, sai ya shiga aiki da duk ƙarfin da Allah Ya ba shi, daidai yadda ya koyar: ba hutu, ba kama bango, ba magana. Hannuwa na dukan ruwa kamar mai kashe wutar da ta kama katifa, kumfa na tashi, amma Kwamanda na nan inda ya faɗa, sai juyawa yake a wuri ɗaya. Jama'a suka ɗauka salo ne, suka ƙara tafi.

"Yaushe zai tashi?" shugabar ta tambaya.

"Yana ɗumama inji ne," in ji Direba.

Takalman suka cika, suka fara jansa ƙasa. Jijiyar ƙafarsa ta ɗaure. Ya buɗe baki zai ba da umarni, ruwa ya shiga ba sallama. Ya nutse, ya ɓullo.

"Wayyo! Yaya!"

Ya sake nutsewa, hular kwano ta taso ita kaɗai tana lilo. Koci ya yar da jaka, ya fizgi doguwar sandar nan mai raga da ake kwashe ganye da ita, ya cusa, ya kamo Kwamanda ta ƙugun wando. Shi da Manaja suka jawo shi bakin kwami kamar buhun da ya faɗa rijiya, suka kwantar. Ya yi ta aman ruwa, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a ƙasan kwami.

"Yanzu ya fara gane karatu," in ji Direba.

Dariya ta ɓarke har mai shago na riƙe ciki. Kwamanda ya tashi zaune, aka yafa masa tawul, kuma ko numfashi bai gama dawowa ba bakin ya dawo.

"Ruwan yau ya yi nauyi. An zuba magani da yawa. A hukumarmu..."

"Malam," in ji matarsa, "rufe bakin, sauran ruwan na zuba."

Shugabar kwamiti ta goge tabarau da gefen mayafi, ta yi magana da na kusa da ita a taƙaice, ta miƙe.

"Mun zo mu ga ko sa'ar nan na ƙara wa dattawa lafiya. Da mun sami ko mutum biyu suna takawa a ruwa cikin natsuwa, da mun bar muku. Abin da muka samu shi ne benci cike da majinyata, da mutum guda da aka kamo da raga. Ba za mu jira a mutu a hannunmu ba. Daga gobe sa'ar ta makaranta ce."

Koci ya yi ƙoƙarin bayani, ta ce ya rubuto, a duba baɗi. Dariyar ta mutu. Mutane suka fara sulalewa, don kowa ya san abin ya daina zama wasa.

Sai Yaya ya dogara sandarsa ya miƙe. Ya tako a duƙe har gaban Manaja.

"Ɗana, ta ce daga gobe. Yau tamu ce ko?"

Manaja ya dubi shugabar, ta ɗaga kai. Koci ya riƙe Yaya har matattakala, ya karɓi sandar. Ruwa ya kai masa gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji, sai ga tsoho ya miƙe tsaye, kafaɗa a buɗe, kai a sama. Ya taka a hankali zuwa wancan bango, ya taɓa shi, ya juyo. Bai yi sauri ba, ba kuma wanda ya busa masa usur. 'Yan kwamitin da suka fara tafiya suka tsaya suna kallo, shugabar ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai ta duba agogo ta wuce.

Kwamanda na tsugune cikin tawul, kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba. Da Yaya ya iso matattakala, jikin ya fara komawa ya duƙe tun kafin ya gama fitowa, Kwamanda ya tashi da ɗingishi ya miƙa masa hannu.

"Yaya, kawo in taimake ka. Kada ka damu, ina da wani shiri. Akwai wani kwami a..."

Yaya ya dubi hannun, bai kama ba. Ya karɓi sandarsa wurin Koci.

"Bar shi, ƙanena. Ka taimake ni ya isa."

Ya bi ta gefensa ya nufi ƙofa, a duƙe.